Dutsen Tormod

Camas Glas, Tsibirin Leòdhas
Satumba, 1936

Ɗana Tormod,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da tsoron Ubangiji, wanda ya fi lafiyar muhimmanci. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce kawai ke damuna in ana ruwa, ka kuwa san ruwa ba ya ɗaukewa a garin nan. An tone dankali, bai yi auki ba. Saniya ta haihu, namiji ne.

Takardarka ta watan Mayu ta iso, ko shafi guda ba ta cika ba. Ban tura ka makaranta don ka riƙa aiko wa uwarka abin da bai kai tsawon addu'ar cin abinci ba. A cikin ɗan abin da ka rubuta kuma har ka sami wurin cewa filayen kiwo a Patagoniya ba su da suna sai lamba, wai hakan ya fi sauƙi. Sauƙi! Lokacin da mai ƙasa ya kori kakanninka daga kwarin Gleann Mòr don ya zuba tumakinsa, ya jibge su a gaɓar nan da babu komai sai dutse da iska, abin da suka zo da shi katakon rufin ɗakunansu ne kawai. Ƙasar da muke shuka dankali a cikinta, mata ne suka ɗauko ta a kwando suka cuɗa da ciyawar teku. Duk inda suka zubar da gumi suka sa masa suna. Cnoc na Banntraich, tudun da matar nan da mijinta ya mutu a hanya ta gina ɗakinta ita kaɗai. Allt na Muilne, rafin da suka ɓoye dutsen niƙa don kada wakilin mai ƙasa ya fasa shi. Ba a rubuta ko ɗaya a takardar hukuma ba, a baki suke. Wanda ya ce lamba ta fi waɗannan, ya fara mance waɗanda suka haife shi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Mahaifinka ya tsufa. Shi ba zai faɗa maka ba, ni zan faɗa. Ranar Lahadi yana ja wa jama'a baitin Zabura kamar yadda ya saba, muryarsa ta yanke a tsakiya, sai da Alasdair dattijon coci ya karɓa. Duk da haka ba ya fashin fita kamun kifi, in na yi magana ya yi kamar iska ce ta kaɗa ƙofa. Ka dawo gida ka gan shi tun yana gane ka.

Na san abin da ya riƙe ka. Shekara tara ke nan da kwalekwalen da ke kai tumakin gari tsibirin kiwo ya kife a Sgeir Dhubh, baƙin dutsen nan na cikin teku, kai ke tuƙi, Ruairidh ɗan baffanka ya nutse. Ka bar garin nan ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ban taɓa cewa ka kyauta da ka gudu ba, ba kuma zan faɗa yau ba. Amma ka sani, babu mai ta da maganar nan a gabana. Seonag matar Ruairidh tana nan lafiya da 'ya'yanta, ita ke taimaka mini da tatsa in gwiwar ta motsa.

Ka kiyaye ranar Ubangiji ko da waɗanda kake tare da su ba sa kiyayewa.

Mahaifiyarka,
Marsaili

*

Gonar tumaki, arewa da Punta Arenas
Nuwamba, 1936

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Nan bazara ce ta shigo, tumaki na ta haihuwa, tun safe muna kan doki har rana ta faɗi.

Na karanta faɗanki, na ji kamar ina tsaye a bakin murhu kina ja mini kunne. Uilleam, wani mutumin Na Hearadh, maƙwabtanmu na kudu, da muke ɗaki ɗaya, ya ga ina dariya ya ce, "Kai, me tsohuwa ta ce?" Na ce ta ce na mance sunayen garinmu. Ya ce, "To ai ta yi maka alheri. Ku mutanen Leòdhas ko kaza ta yi kashi a kan dutse sai kun raɗa masa suna." Na jefe shi da takalmi.

Ban mance ba, Inna. Ƙarya na yi da na ce lamba ta fi sauƙi. In ina tafe a kan doki a filin nan da ba shi da iyaka, nakan fara daga ƙofar gidanmu ina kiran sunaye a zuci, in sauka Allt na Muilne, in hau Cnoc na Banntraich, in gangara har inda ake ja da kwalekwale. A nan nake tsayawa. Ba na shiga ruwa. In na shiga dole in wuce Sgeir Dhubh, in ji Ruairidh yana cewa, "Tormod, bi ta waje, ruwa ya fara janyewa," ni kuma ina ce masa, "Matsoraci, ta ciki ta fi kusa." Da dariya na faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, amma sauran da ke cikin kwalekwalen sun ji.

Layin nan da kika ce babu mai ta da maganar, na karanta shi har takardar ta fara yagewa a ninkin. Ke ba kya ƙarya, kowa ya shaida. In haka ne, zan iya shiga coci in zauna a bayan Seonag.

Zan dawo. Na yi magana da mai gona, ya ce in tsaya a gama askin tumaki. Akwai jirgi a watan Maris, na sa an riƙe mini wuri. In Ubangiji ya yarda ni zan yanka muku tubalin wuta na bana a fadama, baƙar ƙasar nan da muke busarwa mu hura murhu da ita. Ki gaya wa Baba ya rage fita teku, ya bar mini ɗan kifin da zan kama.

Ɗanki,
Tormod

*

Camas Glas
Disamba, 1936

Tormod,

Gaisuwa a gaggauce, mai kai wasiƙu na tsaye a ƙofa. Ban ga amsarka ba tukuna.

Jiya mahaifinka ya fita kamun kifi shi kaɗai duk da na hana shi. Su Alasdair suka hango kwalekwalen na juyawa babu mai tuƙi, dab da Sgeir Thormoid, saura kaɗan ruwa ya maka shi da dutsen. Suka same shi kwance a ciki. Likita ya zo daga birnin Steòrnabhagh, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace, magana ba ta fita. Yana ji, yana gane mutane.

Likita ya ce zai iya kai bazara, zai iya kuma kasa kaiwa. Duk abin da kake yi ka ajiye ka taho.

Mahaifiyarka

*

Camas Glas
Janairu, 1937

Ɗana Tormod,

Gaisuwa da godiya ga Ubangiji. Takardarka ta Nuwamba ta iso makon jiya, ta yi saɓani da tawa a hanya. Wannan karon ka cika shafi biyu, ashe kana iyawa.

Na karanta wa mahaifinka. Da na zo inda ka ce ya bar maka ɗan kifi, ya yi wani sauti da ban ji ba tun da ya kwanta, na tsorata, ashe dariya ce. Ya miƙo hannun hagu ya karɓi takardar, ya ƙi mayar mini. Yanzu kullum sai an ɗaga shi an zaunar a kujera kusa da taga, inda yake hango hanya tun daga kan tudu. Na ce masa, "Fionnlagh, Maris aka ce zai taso, ba yau ba." Bai ko kalle ni ba. Kunun hatsin da yake tura wa gefe, yanzu yana shanyewa.

Gari duk ya ji. Ciorstaidh maƙwabciyarmu, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba tun da aka yaye ta, ta leƙo ta ce, "Marsaili, an ce ɗanki zai dawo da mata 'yar can mai zobe a hanci." Na ce, "In ya zo da ita, ta fi wasu da na sani kunya." Ta ce, "Ai ni ban yi fushi ba, in dai ya kawo taba." Na nuna mata ƙofa, amma sai da ta sha shayi kofi biyu.

Abin da ka rubuta game da maganarku da Ruairidh, wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne. Girman kai ne, ka kuma ga abin da ya haifar. Ba a tuba da gudu, a gida ake tuba, a gaban waɗanda aka cuta.

Ka sayi riga mai kauri kafin ka hau jirgi. Kada ka tsaya a birnin Glaschu wurin 'yan uwan nan namu masu shaye-shaye.

Mahaifiyarka,
Marsaili

*

Gonar tumaki, arewa da Punta Arenas
Fabrairu, 1937

Inna,

Ina gaishe ki. Takardarki ta Disamba ta same ni a rumfar aski. Ubangiji ya ba Baba sauƙi.

Sgeir Thormoid. Da na fara karantawa na ɗauka wani dutse ne da ban sani ba, na wani Tormod na zamanin da. Na bi gaɓar a zuci daga wannan ƙarshe zuwa wancan ban same shi ba. Sannan na gane. Baƙin dutsen nan ne kuka canja wa suna, kuka kira shi Dutsen Tormod.

Na koma na ɗauko takardarki ta Satumba. Ba ki ce babu mai ta da maganar ba. Cewa kika yi babu mai ta da ita a gabanki. Ba ki yi ƙarya ba, ni ne na karanta abin da nake so. Ashe ba sai an ta da maganar ba, tunda an ɗora ta a kan dutse. Duk wanda ya fita kamun kifi sai ya faɗa. 'Ya'yan Ruairidh da shi suka koyi magana. Ke kika koya mini cewa suna a garinmu ba ya mutuwa, matar Cnoc na Banntraich ta yi shekara nawa a kabari, har yau takaba take yi a bakin mutane. To ni ma haka zan yi ta kifar da kwalekwale har bayan jikokin jikokinku.

Abin da ya fi ci mini rai, yadda ya fito daga alƙalaminki sumul, babu ko gogewa, kamar kin rubuta Allt na Muilne. Hannu ba ya rubuta abin da baki bai saba da shi ba.

Na mayar da wurina na jirgi. Ana neman makiyaya can kudu, a tsallaken mashigin ruwa, na ba da sunana, jibi za mu tashi. Wurin ba ya samun wasiƙa sai jefi-jefi. Ki gaya wa Baba abin da kika ga ya dace. Gara ya tuna ni yadda yake tunawa, da in zo in zauna gefen gadonsa mutane na shigowa dubiya suna kallon mai dutse.

Tormod

*

Camas Glas
Afrilu, 1937

Tormod,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanci doguwar gaisuwa ba. Mahaifinka na raye, yana nan bakin tagarsa. Takardarka ta Fabrairu ta zo, na karanta ta a rumbu don kada ya ga fuskata.

Ka ce bakina ya saba da sunan. Ka tambayi duk wanda ka ga dama. Tun ranar da na fara jin sa nake yaƙi da shi. Na tsayar da Ciorstaidh a bakin rijiya na wanke ta tas a gaban mata. Na je wurin Alasdair na ce ya yi magana a coci, ya ce shi ba a ba shi iko a kan duwatsu ba. Har ta kai in na doso, maza kan ce "dutsen can" su yi shiru. Ranar da aka shigo da mahaifinka a kan ƙyauren ƙofa, kowa na magana lokaci guda, abin da suka faɗa shi na rubuta. Ban ma san na rubuta ba sai da ka mayar mini.

Da na gama karanta takardarka na yafa mayafi na nufi gidan Seonag, domin a zatona daga ɗakinta sunan ya fito. Na same ta tana kaɗin ulu. Na ce, "Seonag, na zo ki gaya mini gaskiya. Kin sha shayi a gidana, kin tatsar mini saniya, ashe ke kika liƙa wa ɗana laifinsa a kan dutse?"

Ta tsayar da kaɗin ta ce, "Inna Marsaili, zauna."

Na ce, "A tsaye zan ji."

Ta ce, "To ki ji a tsaye. Dutsen nan Bogha Mhurchaidh, wane ne Murchadh ɗin da aka sa masa sunansa?" Na ce kowa ya sani, wanda ya nutse zamanin kakata ba a ga gawarsa ba. Ta ce, "Sgeir Iain Bhàin fa?" Na ce shi ma teku ba ta dawo da shi ba. Ta ce, "To. A gaɓar nan kin taɓa jin an sa wa dutse sunan mai laifi? Na wanda aka rasa ake sawa, wanda ba shi da kabarin da za a je. Nawa teku ta dawo mini da shi, na san inda yake kwance, duk Lahadi ina ganin wurin. Naki fa?"

Na ce, "Nawa yana raye, kada ki yi masa baki."

Ta ce, "Yana raye a takarda. Wa ya sa shi a ido tun ranar?"

Na ce duk da haka ba ta da hurumin raɗa sunan. Sai ta dube ni ta ce, "Wayyo Inna, ai ba ni ba ce. Baffa Fionnlagh ne."

Ga yadda aka yi, Alasdair ma ya tabbatar mini daga baya. Bazarar da ta biyo tafiyarka, suna dawowa daga tsibirin kiwo, da suka zo daidai dutsen mahaifinka ya daina tuƙi, ya cire hula, ya ce, "A nan na rasa Tormod." Bayan haka duk sanda suka wuce sai ya cire hular. Maza suka fara cewa dutsen Tormod don girmama shi, mata suka ɗauka, yara suka gada. Na ce wa Alasdair, "Shekara da shekaru ina zagin gari, babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya mini?" Ya ce, "Marsaili, wa ke da ƙarfin halin gaya miki abu kina cikin magana? Shi mai gidan ma bai iya ba."

Na dawo gida na zauna a gabansa na ce, "Fionnlagh, kai ne?" Ya dube ni ya gyaɗa kai. Hawaye na bin ɓangaren fuskar da ba ya motsi, bai ma san suna zuba ba.

Ban gaya masa ka fasa ba. Da ya nuna hanya da hannu, na ce jirgi ne ya yi latti. Ka sa uwarka ƙarya da tsufanta, wannan ma ka ƙara a kan abin da za ka amsa.

Ba na cewa babu wanda ya taɓa ganin laifinka. An gani, laifi ne kuwa. Amma sunan nan kuka ne na ubanka. Ka hau duk jirgin da ka samu. Ƙafarsa ta fara kumbura, likita ya daina faɗin lokaci.

Mahaifiyarka,
Marsaili

*

Camas Glas
Yuli, 1937

Ɗana Tormod,

Gaisuwa. Ban san ko takarduna na isa gare ka ba, amma wajibi ne in rubuta wannan.

Mahaifinka ya rasu ranar Talata da hantsi, a kujerarsa. Tun watan Mayu ya daina nuna hanya da hannu. Ban sani ba ko ya gane ne, ko ƙarfin ɗaga hannun ne ya ƙare. Bai daina son a zaunar da shi a wurin ba, ni kuma ban daina cewa jirgi ya yi latti ba. Na fita in kwaso tubalin wuta, da na dawo na same shi kai ya sunkuya. Su Alasdair ne suka yanka mana na bana.

An binne shi ranar Juma'a. Maza suka ɗauke shi a kafaɗa suna karɓa-karɓa har maƙabarta, mu mata muka tsaya a ƙofar gida kamar yadda aka saba har suka ɓace bayan tudu. Ka san in za a saukar da akwatin gawa cikin kabari, igiyar wajen kai ta babban ɗa ce. An gaya mini Alasdair ya tsaya da ita a hannu ya rasa wanda zai ba. Sai babban ɗan Ruairidh, wanda yanzu ya fi ka tsawo, ya matso ya ce, "Ba ni, zan riƙe wa Baffa Tormod." Shi ya saukar da kan mahaifinka.

Ba zan yi maka wa'azi ba yau. Abin da zan faɗa ka riga ka sani. Da ka jira takarda ɗaya kafin ka yanke hukunci, da ka same shi. Da ni ma na sake karanta abin da na rubuta kafin in miƙa wa mai kai wasiƙu, da ka same shi. Ubangiji ne ya san yadda zai raba mana laifin.

Ni lafiyata ƙalau. Seonag na kwana a nan.

Mahaifiyarka,
Marsaili

*

Tierra del Fuego
Oktoba, 1937

Inna,

Ina gaishe ki da gaisuwar rashi, wadda ya kamata in yi da bakina. Hunturu ya rufe hanya, sai makon nan mai doki ya iso da jakar wasiƙu. Takardunki uku ya miƙo mini a ɗaure da zare ɗaya. Ta sama na fara buɗewa, ta Yuli ce. Don haka na san ya mutu kafin in san ya yi dariya, kafin in san yana zama bakin taga. Da na zo kan ta Afrilu, inda ya cire hula, na fita na yi ta tafiya a ƙasa, har makiyayan suka biyo ni da doki.

Ya yi makokina ina raye, na kuma ba shi dalilin yi sau biyu.

Ki gode wa Seonag. Ki ce wa ɗanta ban san yadda zan dubi idonsa ba, amma ina so in gwada.

Ina so in dawo, Inna. Abu ɗaya nake tambaya, kada ki yi fushi. In na dawo, ai an samu wanda aka rasa. Za su mayar wa dutsen sunansa na da?

Ɗanki,
Tormod

*

Camas Glas
Disamba, 1937

Ɗana Tormod,

Gaisuwa. Ina lafiya, sanyi ya shigo da wuri. Na isar da saƙonka ga Seonag, ta ce ƙofarta ba ta da sakata.

Na kai tambayarka wurin Alasdair, Ciorstaidh na wurin ba da gayyata ba. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Mayarwa? Yau na ji sabon abu. Ina aka taɓa cire wa dutse suna kamar riga?" Alasdair ya ce a wannan karon gaskiyarta ce. Babu wanda ya zauna ya yanke cewa a sa sunan, don haka babu wanda zai zauna ya yanke a cire. Waɗanda aka haifa bayan tafiyarka ba su san wani Sgeir Dhubh ba. Ya kuma ce ko da ana iyawa, shi ba zai sa baki ba, domin sunan nan shi kaɗai ne maganar Fionnlagh da ta rage a gaɓar nan, tunda bai bar wata ba. Ni ma, da na yi shekara tara ina yaƙi da sunan, yanzu ba na so a taɓa shi.

Saboda haka ga abin da ke jiranka, ba zan ɓoye maka komai a bayan kalma ba. Gida na nan, gona na nan, kwalekwalen mahaifinka na kife a gaɓa. In ka dawo za ka fita teku da mazan garin nan, za ku wuce dutsen safe da yamma. Wata rana ruwa zai janye, kai ne a gaba kana duba hanya, dole ka juya ka ce wa mai tuƙi ya bi ta waje, ya kauce wa Sgeir Thormoid, da bakinka, da ƙarfi yadda zai ji, mai tuƙin kuma wataƙila ɗan Ruairidh ne.

Ka zauna ka auna wannan da kyau, ba cikin kuka ba. In za ka iya, ka taho. In ba za ka iya ba, ka ci gaba da rubuto mini, zan amsa duk wadda ta zo. Amma kada ka sake aiko mini da watan da jirgi zai taso sai ƙafarka na cikinsa.

Mahaifiyarka,
Marsaili